Kwale-kwalen Kaka Opal

Wasiƙar ta zo ne ranar Talata, ranar da dusar ƙanƙara ta sa aka tashi kwaleji da tsakar rana. Ba don haka ba da Lorna Pruitt ba ta gan ta ba, domin a gidansu ubanta Dale ne kaɗai ke buɗe akwatin wasiƙu, kuma abin da ya ga dama shi yake miƙa wa mutum.

A bakin titi ta tsaya ta yage ambulan ɗin da haƙori, don yatsunta sun ƙage saboda sanyi. Daga hukumar haraji take, da sunanta ɓaro-ɓaro. Ta karanta, ta koma farko, ta sake karantawa tana bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Wai bara waccan an biya ta dala dubu goma sha shida daga asusun ajiyar karatu, ita kuma ba ta nuna a takardar harajinta ba. Saboda haka ana bin ta dala dubu biyu da ɗari da sittin, haraji da tara da kuɗin ruwa. An ba ta kwana talatin, ko ta sa hannu ta yarda, ko ta kawo hujja.

Asusun karatu guda ɗaya Lorna ta sani a duniya. Kakarta Opal ce ta buɗe shi tun tana zanin goyo, dala hamsin duk wata daga albashin dafa abinci a makarantar firamare. Da ciwo ya ci ƙarfin tsohuwar sai ta mayar da asusun hannun ɗanta Dale, ta ce ya riƙe wa yarinya har ta shiga makarantar jinya. Shi ya sa Lorna ba ta taɓa neman ko sisi daga ciki ba. Shekara biyu tana ƙaramar kwalejin garinsu da bashin karatu da ɗan abin da take samu a gidan kula da tsofaffi, tana tanadin kuɗin Kaka don shekarun da suka fi tsada. Makon jiya-jiya makarantar jinya ta ba ta gurbi. Sai dai ta biya dala dubu ɗaya da ɗari takwas kafin ɗaya ga Afrilu, in ba haka ba a ba wani. Abin da ta tara duka-duka dala dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin ne.

Ta ɗaga kai. Ga kwale-kwalen ubanta nan a ƙofar gareji, a kan tayoyinsa, an lulluɓe shi da shuɗin tamfol. Iska ta ɗage gefe ɗaya, sunan da aka rubuta a jikinsa da jan fenti ya fito: Opal.

Sai ta tuna wata safiya cikin watan Yunin bara waccan, tana sauri za ta aiki, ya tare ta a wannan wurin da cek na banki a kife a kan murfin mota. "Sa hannu a bayan nan, 'yar Baba. Kuɗin kakarki zan mayar inda za su fi haihuwa." Ko juya cek ɗin ba ta yi ba. Bayan mako uku aka kawo kwale-kwale.

Ba ta iya zama ba. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta wanke kofin da ba shi da datti, ta leƙa taga sau nawa ba ta sani ba. Da ubanta ya dawo daga kamfanin gilashi inda yake aiki, tun bai cire takalmi ba ta miƙa masa takardar.

Ya duba sama-sama. "Wa ya ce ki buɗe akwati?"

"Baba, sunana ne a kai."

"To, ai shi ne na ce. Da kin bar mini da tuni na san yadda na yi da ita." Ya ajiye takardar a kan firij, ya buɗe firij ɗin. "Rhonda! Ina sauran naman jiya?"

"Baba, kuɗin Kaka fa?"

"Suna nan."

"A ina?"

Ya nuna taga da cokali. "Ga su can. Dukiya ce, ba ɓata suka yi ba. Kuɗi a banki barci suke yi, yarinya. Kwale-kwale kuwa ko gobe na sa shi a kasuwa an saya."

"To ka sa shi mana."

Ya yi dariya har da buga tebur. "A watan Fabrairu? Tafki ya daskare? Karatun naki dai har yanzu bai kai nan ba. Wa ke sayen kwale-kwale da sanyi?"

"Me ya sa aka rubuta cek ɗin da sunana?"

"Dabara ce. Wani abokin aikina ya ce in an cire da sunan ɗalibi harajin ba ya da yawa. Da sunana na cire, da sun yanke mu fiye da haka. Taimakon gida na yi, ke har da ke."

Uwarta Rhonda ta shigo da kwano tana share hannu a jikin riga. "Lorna, bar ubanki ya ci abinci. Tun ƙarfe biyar yake tsaye. Mutum ya yi shekara ashirin da huɗu yana shaƙar zafin wuta, abu ɗaya tak ya saya wa kansa."

"Da kuɗina, Mama."

"Naki da nasa duk ba tukunya ɗaya ba ce? Kuma ai sunan kakar taki ya sa wa abin. Ki bar kaza cikin gashinta."

Ranar Asabar, bayan ta tashi aikin safe, ta tafi laburare, inda masu aikin sa kai ke cika wa mutane takardun haraji kyauta. Ta zauna a layi awa biyu da littafin sassan jikin ɗan Adam a cinya, shafi ɗaya take kallo ba ta wuce shi ba. Wadda ta faɗo mata wata dattijuwa ce, Madam Beasley, mai tabarau a rataye da sarƙa, wadda ta yi ritaya daga aikin akanta.

Madam Beasley ta karanta wasiƙar tana taunar alewar na'ana'a. "Kin karɓi kuɗin nan?"

"Na sa hannu a bayan cek. Babana ya karɓa."

"Ya biya makaranta da su?"

"Kwale-kwale ya saya."

Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce ta uku a bana. Ɗaya mota, ɗaya sabon kicin. Ke aƙalla naku yana iyo." Ta ga Lorna ba ta yi dariya ba, sai ta sassauta murya. "Saurara, 'yata. Kuɗin asusun nan in an kashe su a karatu, babu haraji a kansu. In an kashe a wani abu, ribar da suka yi ana cire mata haraji, a ɗora tara. Kuma wanda sunansa ke kan cek shi hukuma ta sani. Masu asusun sun aiko miki da takarda tun bara, ta faɗi adadin. Ba ki gani ba?"

"Babana ke buɗe akwati."

"Uhm."

Lorna ta zaro wata takarda da ta bugo daga shafin kwaleji na intanet. Dama ita ce ɗan abin da ta riƙe tun ranar Talata. "Amma na biya makaranta a shekarar. Dala dubu huɗu da ɗari biyu, da bashi na biya. Na karanta cewa za a iya lissafa su a rage."

"Kin iya bincike. Ba zai share duka ba, amma zai rage. Sai dai tambaya ɗaya. Wa ya karɓi rangwamen karatu a kanki a shekarar?"

"Wane rangwame?"

"Duk wanda ya rubuta ɗalibi a takardarsa cewa shi ke ɗauke da nauyinsa, gwamnati na rage masa har dala dubu biyu da ɗari biyar, saboda kuɗin makaranta. Ubanki ya rubuta ki?"

Sai Lorna ta tuna. Duk watan Afrilu ubanta kan ce gwamnati ta yi masa kyauta. Bara da kyautar ya sayi na'urar gano kifi.

"To kin gani," in ji Madam Beasley. "Kuɗin makaranta ba a cin su sau biyu. In ya riga ya lissafa dubu huɗun nan ya karɓi rangwame, ke ba ki da sauran abin lissafawa sai ɗari biyu. An cinye tuwon, an suɗe kwanon."

Daga wannan rana Lorna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta roƙi ƙarin aiki a gidan tsofaffi aka ba ta, awa arba'in da huɗu a mako, ga karatu. A bas take haddace sunayen ƙasusuwa, sai ta farga lissafi take yi: dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin, a cire dubu biyu da ɗari da sittin, a cire dubu ɗaya da ɗari takwas. Ko ta ina ta juya shi, amsar ɗaya ce. Gwajin da ba ta taɓa samun ƙasa da tamanin a cikinsa ba ta samu hamsin da takwas. Wata safiya ta kai wa wani tsoho mai ciwon sukari tiren maƙwabcinsa, har da lemo mai zaƙi. Denise, abokiyar aikinta da ta girme ta da shekara goma sha biyar, ita ta fizge tiren tun cokali bai kai baki ba.

"Ke, 'yar boko! Kashe mana Malam Harold za ki yi? Saurayi ne ko aljani?"

"Haraji ne."

"Gara aljanin," in ji Denise. "Shi ana iya roƙonsa."

Ran ɗaya ga Maris ubanta ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya miƙo hannu kamar kowane wata. Dala ɗari uku da hamsin, kuɗin ɗaki, tun ranar da ta cika sha tara.

"Baba, ko na wata biyu ka bar mini. In haɗa in biya su."

"Wutar lantarki za ta bar mini na wata biyu? Ina koya miki rayuwa ne. Ni ina da shekarunki na riga na yi aure."

Ta ba shi. Ya ƙirga a gabanta.

Ta gwada uwarta ranar da suke ninke wanki. Rhonda ba ta ɗaga ido daga tawul ba. "Ki biya su kawai da abin da kika tara, a wuce wurin. Makarantar jinya ba gudu za ta yi ba, baɗi ma tana nan."

"Shekara biyu na yi ina jiran gurbin nan, Mama."

"To ta uku ce za ta kashe ki? Hawan jininsa kike so ya tashi? Wallahi tun da wasiƙar nan ta zo ba ya barci."

Lorna na jin munsharinsa ta bango kullum. Ta ci gaba da ninke wanki.

Asabar ta gaba ta koma laburare don ta sa hannu a kan "na yarda" ta huta. Madam Beasley ta dafe takardar da tafin hannu.

"Ba dole ki biya a dunƙule ba, ana biya wata-wata. Amma tsaya tukuna. Nawa kika samu bara a wurin aiki?"

"Dubu goma sha tara da wani abu."

"Kina biyan haya?"

"Ɗari uku da hamsin."

"Abinci? Waya? Bas? Makaranta?"

"Duk ni."

Dattijuwar ta jawo wata takarda mai layi-layi, suka cika ta tare, har da man goge baki. Ta ja layi a ƙasa, ta juyo da ita. "Fiye da rabin nauyinki ke kike ɗauka, da nisa ma. A doka ba wanda ke ɗauke da ke. Rangwamen bana naki ne, in kin cika takardarki da kanki."

"Babana ya riga ya ɗauke takardar makaranta daga akwati. Ranar Lahadin ƙarshen Maris yake cika tasa, kowace shekara."

"Lambarki ta gwamnati sau ɗaya kwamfutarsu ke karɓa. Wanda ya riga aikawa, tasa ta shiga. Na biyu a dawo masa da ita." Ta cire tabarau. "Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba. Gaskiyar lissafi na gaya miki. Abin da zai biyo baya a gidanku, ke kika san shi."

Lorna ta naɗe takardar ta sa a littafi. Kwana shida tana yawo da ita. Ta buɗe a bas, ta rufe. Ta buɗe a bayan gida, ta rufe. Ta ce wa kanta ubanta ne, shi ya koya mata tuƙin keke, shi ya yi kuka a jana'izar Kaka har aka riƙe shi. Ta ce bari ta ƙara yi masa magana sau ɗaya.

Ranar Juma'a ana suyar kifi a zauren coci, kamar kowace Juma'a ta azumin Ista. Dale ne a bakin kasko, da farar hula da babban cokali, mutane sun yi layi da faranti. Yana hango ta ya ɗaga murya.

"Ga nas ɗinmu nan! Makarantar jinya ta ɗauke ta, kun ji? Ba sauƙi, wallahi, amma uba ba ya gajiya. Ni da uwarta mun ɗaure ciki."

Aka yi ta taya shi murna. Wata tsohuwa ta kama kumatun Lorna ta ce, "Ki gode wa Allah da irin ubanki, 'yan mata. Opal tana can tana murmushi."

Da layi ya ragu ta matsa kusa da kasko. "Baba, abu ɗaya nake roƙo. Bana kada ka rubuta ni a takardarka. Ka bar mini rangwamen in rage bashin nan."

Bai juyo ba, yana juya kifi. "Na riga na yi alkawari da kuɗin. Injin kwale-kwale yana son gyara kafin Mayu."

"Baba, gurbina zai tafi."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karɓi faranti ki kai wa Fada, ya ce ban da gishiri."

Ta kai wa Fada, limamin cocin, kifinsa. Washegari ƙarfe tara tana ƙofar laburare tun ba a buɗe ba. Da Madam Beasley ta gama shigar da komai, sai ta turo mata kwamfutar. "Ke za ki danna." Lorna ta danna, takardar harajinta ta tafi.

Ranar Lahadin ƙarshen wata, bayan an dawo coci, Dale ya baje takardunsa a teburin cin abinci, da kofin gahawa da rediyo yana ba da labarin wasan ƙwallo. Lorna na ɗaki, jakarta a kan gado. Ta zuba kaya, ta kwashe, ta sake zubawa. Ta ji shi yana fito. Ta ji ya ce, "Shi ke nan, takarda ta tafi." Bayan kamar rabin awa wayarsa ta yi ƙara, fiton ya tsaya.

"Rhonda! Zo ki karanta mini wannan. Wai an dawo da ita. Wai an riga an yi amfani da lambar Lorna. Ɓarayi sun sace lambar yarinyar nan!"

Lorna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. "Ba ɓarayi ba ne, Baba. Ni ce."

Ya juyo ya dube ta. "Ke?"

"Ni nake biyan makaranta. Ni nake biyan ɗaki. An yi lissafi."

"An yi lissafi! Wa ya yi lissafin? Wa ya lissafa madarar da kika sha? Wa ya lissafa takalman da na saya miki shekara goma sha takwas?" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Dubu biyu da ɗari biyar kika zare daga aljihun ubanki. A cikin gidana! Sata ce wannan, ko ba ki sani ba?"

"Dubu goma sha shida fa, Baba?"

"Asusun da sunana yake! Doka ta ba ni!"

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Madam Beasley ma ta gaya mata: mai riƙe da asusu yana da ikon cirewa, babu kotun da za ta tambaye shi.

Uwarta na kuka a bakin murhu. "Kin kai sirrin gidanmu laburare, Lorna. Wurin baƙuwa. Me muka yi miki?"

"Tunda ke ke ɗauke da nauyin kanki," in ji Dale, "sai ki je ki ɗauka a wani wuri. Gwamnati ta ba ki ɗaki."

Jakar dama a shirye take. Da ta fito, tamfol ɗin ya sake ɗagewa, yana kaɗawa a iska. Ta ajiye jaka ta ɗaure igiyar, don ta saba, sai da ta gama ta tuna ba aikinta ba ne kuma. Denise ta zo ta ɗauke ta a tsohuwar motarta, ta ce, "Kujerar falona tana da rami a tsakiya, amma ba ta karɓar haya sai wanke-wanke."

Ran talatin da ɗaya ga Maris Lorna ta biya kuɗin gurbi. Dala ɗari da hamsin suka rage mata a duniya. Wasiƙar hukuma kuwa ta riga ta sa mata hannu, a kan "na yarda", domin babu wani akwati a takardar da aka rubuta "ubana ne". Ɗan rangwamen da ya fito bai kai na ubanta ba saboda ƙarancin albashinta, bai rufe bashin ba, aka yanka mata sauran dala sittin duk wata. Kuɗin makarantar da Kaka Opal ta yi shekara goma sha bakwai tana tarawa, sai da Lorna ta ci sabon bashi a madadinsu.

Ba wanda ya karya doka a gidan Pruitt. Uban da ya kwashe asusun, doka ta ba shi. Uwar da ta yi shiru, ba a cin tara a kan shiru. Mutum ɗaya hukuma ta rubuta wa wasiƙa, ita ce wadda ta sa hannu a bayan cek ba ta juya shi ba, don wanda ya miƙo mata ubanta ne.

A watan Mayu ƙanƙara ta narke. Rhonda ta turo mata hoto a waya, ba ko gaisuwa: Dale a tsaye cikin kwale-kwale, ya ɗaga ƙaton kifi yana dariya, jan sunan nan yana sheƙi a saman ruwa. A ƙasa ta rubuta, "Ya ce in kin ba shi haƙuri zai ɗauke ki wata Asabar."

Lorna na ɗakin hutun ma'aikata, saura minti huɗu ta koma ta juya Malam Harold a kan gadonsa. Ranar biyar ga wata ce. Ta rufe hoton, ta buɗe shafin hukumar haraji, ta tura dala sittin, kuɗin kwale-kwalen da ba ta taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.